Yemima da Saadatou: Gida a Pleasant Garden, Hutu a Kan Hanya

Duk wanda ke da yaro a makarantun firamaren kudancin Greensboro, da wuya a ce bai taɓa ganin Yemima Shekari ba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, wadda ba ta tayar da mota sai ta ga kowa ya zauna. Yaran suna kiranta Mis Mima. Ta ba hamsin baya, furfura ta fara fito mata ta gaban goshi, ba ta kuma rina ta.

Haifaffiyar Zonkwa ce, a kudancin Kaduna. Mahaifinta direban babbar mota ne mai kwasar citta daga kasuwannin ƙauye zuwa Kano, mahaifiyarta kuma ita ke noma cittar a gonar gida. Idan an yi hutun makaranta mahaifin kan ɗauki Yemima a gaban mota, ta zauna kusa da shi tana kallon garuruwa suna wucewa. A nan ta fara son hanya. Ta zo Amurka da bizar lotiri tana da shekara talatin da 'yan kai, ta sauka wajen yayanta Josiah, wanda a lokacin yake haya a East Greensboro kusa da jami'a, yana aiki a kantin magani. Ta fara aiki a gidan kula da tsofaffi. Bayan 'yan shekaru bayanta ya fara ciwo saboda ɗaga marasa lafiya, sai ta ji ana neman direbobin bas. Ta yi jarrabawa ta ci, ba ta sake neman wani aiki ba.

Akwai abin da Yemima ta sani game da kanta tun tana sakandare, ba ta kuwa taɓa faɗa wa kowa ba: maza ba su taɓa kwanta mata a rai ba. Ba ƙinsu take yi ba, zuciyarta ce dai ba ta motsawa. A majami'ar 'yan Najeriya da take zuwa, inda take waƙa a kwaya, matan zumunta sun yi ta haɗa ta da mutane. Takan karɓi kowa da mutunci, ta zuba masa abinci, a yi hira, daga nan maganar ta mutu a hankali. Idan mahaifiyarta ta bugo waya daga gida ta tambaya, sai ta ce Allah bai kawo lokaci ba. Ta riga ta sa wa ranta cewa haka za ta tsufa, tana zuwa aiki, tana zuwa sujada, tana saya wa 'ya'yan Yaya Josiah kayan Kirsimeti.

Wata Asabar ana ruwa, ta fito daga shagon kayan Afirka da daddawa da manja, sai ta ga wata mata a wurin jiran bas, ta ajiye buhun shinkafa a gabanta, ta yafa gyale a ka, tana waya da Hausa. Hausar ba irin ta Kaduna ba ce, amma Hausa ce. Yemima ta tsayar da mota ta sauke gilas ta gaishe ta. Matar ta ce sunanta Saadatou, 'yar Damagaram ce, kuma bas ɗin nan ya wuce ta, sai na gaba, in zai zo. Yemima ta ce ta shigo.

A hanya ta ji labarinta. Saadatou ta zo ƙasar ne da mijinta, suka zauna shekaru ba su haihu ba, ba su kuma saba ba, daga baya suka rabu ba tare da faɗa ba, ya koma New York ya yi wani aure. Ita ta tsaya saboda ta samu aiki a wani kamfanin kujeru a High Point, tana ɗinka rigunan kushin, don tun a gida tela ce. Matsalarta ɗaya, mota. A garin nan wanda ba shi da mota kamar ba shi da ƙafa ne, ita kuwa ta je jarrabawar farmi ta faɗi, ta koma ta sake faɗuwa. Yemima ta tambaye ta mene ne farmi, ta ce ai takardar tuƙi. Yemima ta yi dariya ta ce mu lasin muke cewa, kuma in tana so za ta koya mata.

Haka suka fara haɗuwa duk ranar Lahadi da yamma a filin fakin na wata makaranta. Saadatou mai tsoro ce a bayan sitiyari, tana riƙe shi kamar za a ƙwace mata, tana taka birki tun ba a ce ta taka ba. Yemima ba ta da gaggawa. Wanda ya saba da hayaniyar yara cike da bas ba ya jin haushin mutum ɗaya. In an gama sai Saadatou ta ce ba za ta bar malamarta ta tafi da yunwa ba, su wuce afatmen ɗinta ta ɗora dambu da zogale, ko tuwon masara miyar kuka. Suna ci suna gardamar kalmomi. Yemima ta ce makaranta, Saadatou ta ce lakwal. Yemima ta ce kwalta, Saadatou ta ce gudro. Wata rana Yemima ta lura tun ranar Laraba take fara tunanin Lahadi, sai ta ji tsoro ya kama ta. Ta yi addu'a a kai, tunanin bai tafi ba.

Da kaka ta shigo Saadatou ta ci jarrabawa. Don murna suka ce bari su je duwatsun yamma su ga ganyen itatuwa da ke rikiɗa ja da rawaya, wanda turawa ke ta zancensa. Saadatou ce ta tuƙa, a hankali, motoci na wuce su. Da suka hau sama suka tsaya a wani wurin kallo, Yemima ta ce duwatsun nan sun tuna mata da Kagoro. Saadatou tana ta murza makullin mota a hannu. Can ta ce:

"Ni fa ban koyi tuƙi don in daina ganinki ba."

Yemima ta kalli kwarin da ke ƙasa, sannan ta ce:

"Tun ranar da kika karɓi lasin nake neman dalilin zuwa gidanki, ban samu ba."

"To a bar neman dalili," in ji Saadatou.

Sun zauna a kan katangar dutse, kafaɗa na taɓa kafaɗa, har sanyi ya kore su suka koma mota.

Shekara na zagayowa suka kama afatmen ɗaya. Ga mutane, ƙawaye ne biyu da suka haɗa kai don rage haya, ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan. Su ma ba su gyara wa kowa zance ba. Akwai sunan da ake kiran irinsu da shi a Hausa, amma suna ne da ba a faɗarsa sai da tofar da yawu, don haka ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba. A gida Yemima na ce mata Sa'ade, ita kuma tana ce mata Direba. Zaman bai zo da sauƙi kullum ba. Saadatou mai tsabta ce har ta gunduri mutum, Yemima kuwa duk inda ta cire safa nan za ta kwana. Saadatou in ta yi fushi shiru take yi, Yemima kuma ba ta iya barin magana ta kwana. Amma da azumi Yemima ce ke tashi ta ɗumama sahur, tunda dama aikinta na sammako ne, ranar Lahadi kuma Saadatou ce ke goge mata zanen zuwa majami'a.

Bayan wasu shekaru suka sayi wani tsohon gida a Pleasant Garden, mai ɗaki uku ba bene, da fili a baya wanda a Zonkwa ma za a kira shi gona. Maƙwabcinsu wani dattijo ne baƙar fata ɗan ƙasa, Gregory, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Shi ya ara musu injin yankan ciyawa, shi ya nuna musu yadda ake kare shuka daga barewa. Da ya ga yakuwa da rama da kuɓewa da gauta sun tashi a bayan gidan, sai ya ce kuɓewar kawai ya gane. Bai taɓa tambayarsu mene ne tsakaninsu ba. Ranar da suka yanke shawarar zuwa kotu a ɗaura musu aure, suka rasa shaidu, Yemima ta je ta tsaya a ƙofarsa tana ta kewaye-kewaye. Ya bari ta gama, sannan ya ce shi da matarsa sun daɗe suna jiran a gayyace su, sai dai a gaya masa ko sai ya sa kwat. Aka ɗaura cikin 'yan mintoci. Daga nan su huɗu suka je suka ci soyayyen kifi, Saadatou ta koma aiki washegari.

Kafin auren Yemima ta je ta samu Yaya Josiah da kanta, don ba ta so ya ji a bakin wani. A lokacin ya zama babba a wurin aiki, ya sayi gida a Summerfield, dattijon ikilisiya ne kuma. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya goge, ya ce ba zai iya sa albarka ba, ba zai kuma taka gidan ba. Bai zage ta ba, ita kuwa ta ce da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Abu ɗaya ya roƙa, kada Mama, mahaifiyarsu, ta ji. Maganar ta bazu duk da haka, kamar yadda magana kan bazu. Ba wanda ya kori Yemima daga kwaya, amma ta ga yadda ake matsawa idan ta zauna, sai ta janye da kanta. Ta yi watanni ba ta je ko'ina ba, kafin ta samu wata ƙaramar majami'a a cikin gari inda ba a waƙa da Hausa amma ba a matsa mata. Saadatou ita ma aka daina kiranta suna da biki. Matar da suka yi shekaru suna cin kwano ɗaya a taron 'yan Nijar ta gan ta a shago ta juya kai. Ta dawo gida ranar ta shiga ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa, keken bai yi ƙara ba har yamma. Matar Josiah ce kaɗai, Rachael, ba ta yanke ba. Takan turo hotunan yara, in Kirsimeti ya zo ta ajiye musu cincin a bakin ƙofa.

Abin da ya riƙe su a shekarun nan, ban da juna, hanya ce. Direban bas na samun dogon hutu in an rufe makarantu, Saadatou kuma takan tara nata hutun ta haɗa, ta ce lokacin bakansi, wato yawon hutu, ya yi. Su cika kula da dambun nama da dafa-duka da zoɓo, su sa filas na shayi da dardumar sallar Saadatou a kujerar baya, su kama babbar hanya. Tafiyarsu ta farko mai nisa bakin teku ce. Saadatou ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Ta tsaya a kan yashi da takalmi a hannu, ta ce yashin ta sani, ruwan ne baƙo. Daga baya sun je Savannah, sun je Niagara suka jiƙe sharkaf, wata shekara kuma suka nausa yamma har cikin hamada, inda Saadatou ta ce a tsaya, ta fita ta shaƙi iska ta ce wannan hanyar Agadas ce aka ɗauko aka kawo nan. Suna faɗa a mota kamar kowa. Yemima ba ta yarda da taswirar waya ba, Saadatou ba ta son esi, na'urar sanyaya mota. Sun taɓa ɓata a wani ƙauye a Tennessee suna zargin juna, har wata tsohuwa a gidan mai ta nuna musu hanya ta kuma ba su tumatir.

A otel, in mai karɓar baƙi ya tambaya gado ɗaya ko biyu, da farko Yemima kan ce biyu da sauri. An daɗe kafin ta iya cewa ɗaya ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Sun kuma koyi karanta wuri. Akwai garin da suke tafiya hannu cikin hannu ba wanda ya waiwaya, akwai kuma inda in suka tsaya shan mai sai ɗaya ta zauna a mota. Wuri ɗaya ne ba su taɓa zuwa tare ba, gida. Da mahaifin Yemima ya rasu ita kaɗai ta tafi Zonkwa, ta cire zobenta tun a filin jirgi, saboda a can auren nasu laifi ne a doka. Saadatou ce ta haɗa mata akwati, ta sa turmin atamfa ta ce a kai wa Mama, a ce daga wadda suke zaune gida ɗaya.

Shekarar da ta wuce Josiah ya kawo Mama Amurka, don ta ga jikoki a kuma duba mata gwiwa. Sai dai gidan Summerfield bene ne, ɗakunan kwana duk a sama suke, hawa na ba ta wahala. Da safe kowa ya watse, Josiah da Rachael aiki, yaran kuma in ta yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Ta wuni a gaban talabijin tana kallon dawakan maƙwabta ta taga. Bayan 'yan makonni ta ce ita fa a kai ta wajen Yemima, tunda an ce tana hutu kuma gidanta ba matakala. Josiah ya rasa yadda zai hana ba tare da ya faɗi dalili ba. Karo na farko cikin shekaru ya bugo wa ƙanwarsa waya, ya ce Mama na zuwa, ta san abin da ya kamata.

Saadatou ce ta fara tashi ta kwashe kayanta daga ɗakinsu, ta kai ɗakin ɗinki, ta shimfiɗa wani ƙaramin gado mai naɗewa tsakanin keke da tarin yadi. Yemima ta ce abin ya yi mata ciwo, ai Saadatou ma gidanta ne. Saadatou ta ce tsohuwa ce, baƙuwa ce, ba a tarar baƙo da abin da zai hana shi barci. Suka cire hoton ranar kotu daga bango suka sa a durowa.

Mama ta iso da sanda da jakar magunguna. Saadatou ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, kun zo lahiya?" Mama ta dube ta da kyau ta ce ashe wannan ce mai atamfa. Tun daga ranar suka shaƙu ta yadda ba wanda ya zata. Da Mama ta ga bayan gida sai ta manta da gwiwa, ta ce wa ya shuka gauta kusa da kusa haka, a kawo mata kujera. Daga kan kujerar take ba da umarni, su biyu suna cira suna dasawa. Saadatou ta ga kujerun gidan sun yi wa Mama ƙasa, ta kawo ragowar soso daga wurin aiki ta ɗinka mata matashi mai tauri da wani ƙarami na tallafar ƙafa. Kullum in ta dawo aiki, kafin ta ci abinci, sai ta ɗumama man kaɗanya ta murza mata gwiwa. Mama ta koya mata gwaten acca irin na kudancin Kaduna, ita kuma ta yi mata kilishi a obin, tandun kicin. In Saadatou ta shiga salla Mama kan rage ƙarar rediyon waƙoƙin sujadarta ba tare da an ce mata ba. Sau ɗaya ta tambaye ta labarin miji, Saadatou ta ce an yi an rabu. Mama ta ce to, ba ta sake tambaya ba.

Wata rana ana hira Mama ta ce ta tsufa tana karanta labarin teku a Littafi Mai Tsarki, ba ta taɓa ganinsa ba. Yemima da Saadatou suka kalli juna. Ƙarshen makon nan suka cika kula, suka sa Mama a gaba da matashinta, suka kama hanyar gabas. Mama ba ta runtsa ba duk tafiyar. Ta yi ta tambayar gonakin taba da na dankali, wa ke nome su, ina mutanen suke da ba a ganin kowa a gona. Da suka isa, Yemima ta riƙe ta ta dama, Saadatou ta hagu, suka taka a hankali har inda ruwa ke zuwa ya koma. Igiyar farko ta taɓa ƙafarta ta ja baya, ta biyu ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗebo ruwan ta ɗanɗana, ta ce ashe da gaske gishiri ne. Sai ta fara wata waƙar godiya da harshen Bajju, a hankali, Yemima ta kama mata, Saadatou da ba ta jin ko kalma ɗaya tana riƙe da ita kada ta zame.

Da rana ta yi suka zaunar da ita a ƙarƙashin laima. Saadatou ta tafi mota ta yi azahar ta kuma ɗauko abinci. Mama ta bi ta da kallo har ta yi nisa, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Yarinyar nan bayanta na ciwo a kan wancan ɗan gadon. Ina jin ta da safe in za ta miƙe. In mun koma, ta koma ɗakinta."

Yemima ta ce, "Mama, ai ɗakinta ke nan."

"Yemima, ni na haife ki. Wanda ya saba da ɗaki ƙafarsa ba ta mantawa. Sau nawa na ga ta nufi ƙofarki da wanki a hannu, sai ta tuna ta juya."

Hawaye suka fara zubo wa Yemima a bayan tabarau. Mama ta ci gaba da magana a hankali. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, abin da aka koya mata tun tana yarinya daban ne, kuma ba ta da sunan da za ta kira wannan abu da shi. Ta ce ba za ta faɗa wa kowa a Zonkwa ba, ba kuma za ta daina yi musu addu'a ba, ko da ita kanta ba ta san me za ta roƙa ba. Amma ta zauna a gidan ta ga yadda ake ci, yadda ake magana, yadda ɗaya ke jiran ɗaya a ƙofa.

"Shekara da shekaru ina roƙon Ubangiji kada ki tsufa ke kaɗai a ƙasar mutane," in ji ta. "Ban sani ba ko amsar ke nan. Ba ni ce mai shari'a ba. Amma na ga ba ke kaɗai ba ce."

Da Saadatou ta dawo da kwanuka ta ga fuskar Yemima, ta tsaya. Mama ta ce ta zauna mana, ta zuba musu, yunwa take ji. Suka ci dafa-duka da yashi-yashi a ciki, ba wanda ya ce komai a kan maganar. Sai a hanyar dawowa, da Mama ta yi gyangyaɗi, Yemima ta gaya wa Saadatou abin da Mama ta ce, da ƙaramar murya. Saadatou ta juya kai wajen taga, ta daɗe ba ta juyo ba.

Da tafiyar Mama ta matso, ta ce abincin sallama a Pleasant Garden za a yi, kuma kowa sai ya zo. Josiah bai iya yi wa uwarsa musu ba. Ya zo da Rachael da yara, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman adireshi. Saadatou ta gaishe shi ta ce masa Yaya, ya amsa a taƙaice. Ya ci gwate ya ƙara, bai san Saadatou ce ta dafa ba sai da Mama ta faɗa. Bai yi magana mai yawa ba. Ya fi daɗewa a waje shi da Gregory suna duba injin ciyawa. Da za su tafi Mama ta sa aka tsaya aka yi addu'a, ta ambaci kowa da sunansa, har da Saadatou, ta kira ta 'yata ta Damagaram. Josiah ya ce amin tare da kowa.

Ba a ce komai ya gyaru ba. Josiah bai canja ra'ayinsa ba, ya kuma faɗa wa Yemima haka. Matan da suka juya wa Saadatou baya har yanzu ba su juyo ba. In ka tambayi Yemima ba ta ɓoye waɗannan, amma ba a kansu take daɗewa ba. Takan ce ta gode wa Allah da ya ba ta aikin da take so, da gidan da take komawa ta tarar an kunna mata fitilar waje, da maƙwabci na kirki, da kuma cewa mahaifiyarta ta san ta tun suna raye su biyun. Ta ce da can ba ta taɓa roƙon ko rabin wannan ba, don ba ta san ana roƙonsa ba.

Mama tana Zonkwa yanzu, gwiwar ta yi sauƙi. In ta bugo waya ranar Lahadi takan gaisa da Yemima kaɗan, sannan ta ce a ba ta Saadatou, su yi ta zancen gauta da farashin acca. A bana, ana dab da rufe makarantu, Josiah ya kira wata Asabar da safe. Ya ce yara sun dame shi sai an kai su inda aka kai kakarsu, wace hanya ce ta fi, kuma ina ake samun wurin kwana mai tsabta. Yemima ta gaya masa hanyar, ta gaya masa inda zai tsaya ya sha mai da inda bai kamata ya tsaya ba. Ya yi godiya, sannan ya ce ta gaida mutanen gida. Ta ce za su ji. Ta ajiye wayar, ta ɗauki kwando ta fita baya, inda Saadatou ke tsinkar kuɓewa kafin rana ta yi zafi.